'Yar Fara Kafin Intabiyu

Ƙarfe goma za a kira Malamar Lissafi gaban kwamitin da zai zaɓi sabuwar shugabar makaranta. Shekara ashirin da biyu tana hangen kujerar. Tambayoyi ba su dame ta ba. Tsoronta shi ne zafin nan na shekarun ɗaukewar al'ada, wanda yake taso mata daga ƙirji ba sallama, ya jiƙa ta sharkaf ko da fanka na bisa kanta.

A ɗakin malamai kuwa akwai mai magani. Tarihi take koyarwa, amma Likita ake ce mata, saboda wata 'yar jaka mai zif da take yawo da ita cike da ƙwayoyi marasa kwali. Duk wadda ta haura arba'in da biyar a wajenta take karɓa, kuma da launi ake tambaya.

"Likita, rufa min asiri, kar in je in narke musu a kan takardu."

"Ungo 'yar fara. Ta hawan jinin yayata ce, amma tun da ta fara sha ko gumin hanci ba ta yi."

"Ɗaya?"

"Ke da ke neman kujera? Haɗa biyu!"

Ta haɗiye, ta bi da ruwa kofi biyu.

Mutum uku ne a kwamitin, maza biyu da shugabarsu a tsakiya, wata dattijuwa mai tabarau. Zafin bai zo ba. Fitsari ne ya zo, tun a tambaya ta biyu, domin aikin ƙwayar ke nan, kuma ba wanda ya gaya mata.

Malamar Lissafi ta harɗe ƙafa. Ta sauya ƙafa. Na hannun dama ya ɗauki gorar ruwa yana tsiyayawa a kofi a hankali, kamar an aiko shi. Na hagu kuma ya ce ta yi bayani dalla-dalla, ba gaggawa, yadda za ta gyara famfunan makaranta da ke yoyo.

"A toshe su," in ji ta.

"Shi ke nan?"

"Yau ɗin nan."

Ta san dokar: wanda ya fita kafin a sallame shi ya janye. Ta fara ƙirgawa zuwa goma, ta tsaya a shida, ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, ko a ba ni minti uku, ko a kira mai goge ƙasa."

Dattijuwar ta sauke tabarau ta dube ta.

"'Yar fara kika sha?"

"Biyu."

"Biyu! Baiwar Allah, ni ƙwaya ɗaya na sha bara, a jirgin sama, ina kujerar taga!"

Dariya ta ƙwace musu su biyun, abin da ya ƙara jefa Malamar Lissafi cikin hatsari. Ta fita da gudu, takalmi ɗaya a hannu. Mazan suka dubi juna, na dama ya rufe gorarsa.

Da ta fito sai ta tarar an kwaso kujeru huɗu an jera a baranda, taku biyar daga ƙofar banɗaki. A nan aka ƙarasa intabiyun, a zama huɗu.

Dattijuwar ta sa hannu a takarda ta miƙa wa na hagu.

"Kujera taki ce, Malama. Amma gobe asibiti za ki fara zuwa kafin ofis. Ki biyo ta gidana, ni ma har yau ban yanki kati ba."

"Na gode, ranki ya daɗe," in ji sabuwar shugaba, tana miƙewa. "A ƙara min minti uku."