Ɗigon Fenti a Wuyan Babur

Shekara goma sha ɗaya Malam Ashafa ya yi yana ɗaure noti iri ɗaya tak a wani kamfanin haɗa babura da ke Bompai: babban notin wuya, wanda ke riƙe kan babur da gangar jikinsa. Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. Ka ɗaure da inji mai aiki da iska, sannan ka ɗiga ruwan ɗorawan fenti a kai, shaidar an gama. Mai duba aiki a ƙarshen layi ba ya taɓa notin, ɗigon kawai yake nema.

To amma Malam Ashafa mutum ne mai son a ce hannunsa ya fi na kowa sauri. Tuntuni ya juya ƙa'idar, yana fara ɗiga fentin da hagu kafin dama ta kawo inji. Ba wanda ya taɓa lura, shi kuma bai taɓa ganin aibun hakan ba.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗauke wuta, injin ya yi tsit a hannunsa. Ya dubi notin da ke gabansa, ga fenti ɗanye, ga noti ba a ɗaure ba. Nan take ya tuna ya ga irin wannan shekaranjiya.

Ranar Alhamis ma haka aka ɗauke wutar, daidai kiran sallar azahar. Ya ajiye inji ya tafi alwala da niyyar in ya dawo ya ƙarasa. Kafin ya dawo an tayar da janareta, abokin aikinsa Mamman ya ga ɗigo ya tura babur ɗin gaba. Kuma Malam Ashafa ya san ko wane babur ne, domin jan tankinsa yana da ƙarzuwa a gefe. Masu irin wannan tabo ma'aikata ake bar wa da rangwame. Shi da kansa ya karɓe shi jiya Juma'a ya aika wa Nuru, mijin 'yarsa.

Ya zaro waya ya kira Nuru. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Dama ina! Nuru bai taɓa ɗaukar wayar surukinsa ba. Sai dai in ya ga kira ya wanko ƙafa ya zo gida ya durƙusa daga nesa, kai a ƙasa. Wannan kunyar da Malam Ashafa ke yabo a gaban mutane, yau ji ya yi kamar ya kama yaron ya jijjiga.

Lambar 'yar kuwa ba shi da ita. Aina'u 'yar fari ce, shi kuma mutumin ƙauye ne na gaske. Shekara ashirin da biyu bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Sai dai “yarinyar nan”. Dole ya kira matarsa Binta.

“Yarinyar nan suna gida?”

“Wace gida? Ai sun tafi Ringim gaida Gwaggo, za su nuna mata sabon babur. Sun ce za su tsaya a Yankaba su yi mata tsaraba. Lafiya, Malam?”

“Kira ta! Ki ce su tsaya inda suke!”

Ba a jima ba Binta ta sake kira, ta ce wayar na shiga amma ba a ɗauka, wataƙila tana cikin jaka.

Bai nemi izinin kowa ba. Ya sa sifana a aljihu ya haye tsohon babur ɗinsa. Abin da ya fi tsorata shi shi ne ya san halin wannan noti. A cikin gari ba zai nuna komai ba, lafiya lau za a yi ta ratsa cunkoso. Sai an sami kwalta a miƙe, allurar gudu ta haura tamanin, sannan kan babur ya fara kaɗawa hagu da dama har ya ƙwace daga hannun mai tuƙi. Wanda bai sani ba sai ya damƙe birkin gaba, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

A mararrabar Dakata wata tirela ta gitta hanya tana ƙoƙarin juyawa, 'yan adaidaita sahu sun cushe ko'ina. Ya bi ta gefen kwata ya wuce, ana ɗura masa zagi bai ko waiwaya ba. A Yankaba ya duba bakin kasuwa, babu jan tanki. Ya wuce Gunduwawa, gidaje suka fara raguwa, hanya ta buɗe. Duk taron mutanen da ya hango a gefen titi sai ya ɗauka haɗari ne, sai ya matso ya ga masu rake ne.

Bayan Jogana ya hango su. Shuɗin hijabi yana kaɗawa, ledar kayan miya a rataye a gefe, kujerar ma ba a cire mata ledar kamfani ba.

Ya murɗa totur iya ƙarfinsa har ya kusa, yana danna ham. “Kai! Kai! Tsaya!”

Iska ta kwashe maganar. Nuru ya hango wani tsohon babur a madubi yana matsa masa, ya ɗauka irin masu neman tsere ne. Yaro da sabon abin hawa, ga matarsa a baya, ai ba zai yarda a wuce shi ba. Sai ya ƙara wuta.

Malam Ashafa yana gani kan babur ɗin ya fara rawa. Da farko kaɗan, sannan tayar gaba ta soma zana layi a karkace bisa kwalta. Gaba kuma ga motar itace tana tahowa.

“Aina'u!” Muryarsa ta fashe. “Aina'u! Aina'u!”

Ta waiwayo a firgice, ta shiga dukan bayan mijinta. “Baba ne! Tsaya, Baba ne!”

Ya samu ya jera da su. “Kada ka taɓa birkin gaba! Saki totur a hankali! A hankali na ce!”

Wannan karon biyayyar Nuru ta yi rana. Babur ya yi ta tangaɗi, motar itace ta wuce da iskarta, rawar ta ragu, har suka gangara cikin yashi suka tsaya. Tumatir ya watse a ƙasa.

Nuru ya diro zai durƙusa. Malam Ashafa bai kula shi ba, ya sa yatsu biyu a kan notin nan mai ɗigon fenti. Ba sifana ba komai, notin ya juya masa sau biyu. Sai ya zauna a ƙasa daɓas.

“Laifina ne,” in ji shi. “Ni na sa masa shaida ban ɗaure ba.”

Can ya miƙe ya zaro sifana ya fara ɗaurewa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Aina'u na tsaye a bayansa tana share ido da bakin hijabi.

“Baba,” ta ce a hankali, “ashe kun san sunana.”

Bai ɗago ba. Notin ya riga ya ɗauru tam, amma ya ci gaba da danna sifanar, don bai san inda zai sa fuskarsa ba.