Ƙarar Tafki

Da hantsi na tarar da tafkin ya yi fari fat, kamar an shanya auduga. Tarwaɗa da karfasa, har ƙananan da ko mage ba za ta kalla ba, duk sun juyo ciki sama. Kwaɗi ma ba su tsira ba.

Ni Dabo, Sarkin Ruwan Dingaya, ba a kwance na tsufa ba. Na ga yunwa iri-iri, agana ta gwada ni ta haƙura, kada ya taɓa kama cinyata ya saki don kansa. Ko a shekarar farin da ya ƙarar da shanu, ban bar kowa ya jefa koma a ruwan nan kafin ranar su, ranar kamun kifin gayya, ba. Sau ɗaya ake shiga a shekara. Mai ƙwai a mayar da ita, ƙarami a mayar da shi. Haka na gada.

Sada ne, ɗan ƙanena, ya tuttula maganin feshin gyaɗa a ciki, ya cika kwanduna ya kai kasuwar Birnin Kudu.

Na zura babbar riga, na kai shi gaban alƙali.

"Baba, tafkin naka ne?" in ji alƙali.

"A'a, Allah ya gafarta Malam. Tsaronsa nake yi."

"Na dagaci ne?"

"A'a, tafkin na kansa ne, shi da abin da ke cikinsa."

'Yan kallo suka tuntsure da dariya. Sada ya ce, "Haba Baba, kifi kuma har da dangi?"

Alƙali ya tsawatar, sannan ya sassauta murya. "Taimake ni, Baba. Shari'a sai da mai haƙƙi. Ka ce naka ne kawai, yanzu in hukunta shi."

Na auna maganar. In na ce nawa ne, ranar da na kwanta dama 'ya'yana za su raba shi kamar gona, mai sayarwa ya sayar.

"Ba nawa ba ne," na ce.

"To, ku je ku sasanta a gida."

Muka fito, motar kasuwa ta riga ta tafi. Sada ya tayar da sabon babur ɗinsa, ya tsaya a gabana.

"Hau, Baba. Rana ta yi."

Na hau. Na riƙe shi gam, don hanyar akwai yashi.