Rabin Kitso

Mamata mai kitso ce, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta bar kan mutum a rabi ba, sai ranar da Goggo ta zo.

Goggo yayar Baba ce. Muryarta kan riga ƙafarta shiga gida. Ran nan ta zauna tsakanin gwiwoyin Mama, ta tuɓe ɗankwali, ta ɓalle da labarin maƙwabtanta. Ni ina gefe da littafina, layi ɗaya nake ta maimaitawa.

Mama ta gama ɓangaren dama, ta sa kibiya za ta tsaga hagu, sai Goggo ta dafe ƙeya.

"Ke amaryarmu, hannunki sai ka ce na maƙeri. Sassauta, kaina zai tsage."

"Yaya, ai ko kama wurin ban yi ba."

"To kitsonki na wancan karon ne. Tun daga shi nake ciwon kai, har gani nake dishi-dishi."

Hannun Mama ya tsaya cak.

"Maganin hawan jininki fa?"

"Na warke. Na sha, na ji garau, na bari. Mutum ya yi ta tsattsagar ƙwaya kamar kaza?"

Mama ta goge man hannunta, ta shiga ɗaki ta ɗauko na'urar awon jini, wadda take gwada Baba da ita kowace safiya tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ta mai da Goggo kan kujera mai majingina, ta sa ta sauke ƙafafu ƙasa, ta ɗora mata hannu a kan tebur, ta naɗa mata abin a damtse.

"Yanzu ki huta tukuna. Ban da magana."

"Ni?"

Daga ɗaki muka jiyo Baba, da maganarsa da ke fita a hankali yanzu: "In ta yi shiru ku kira ni in gani."

Na'urar ta kumbura, ta sace. Na leƙa lambobin, ko a Baba ban taɓa ganin irinsu ba. Mama kuwa ko gira ba ta ɗaga ba. Ta jira kaɗan, ta sake gwadawa. Ban san yadda zan kwatanta fuskarta ba, sai dai in ce irin wadda take yi ce in tana warware gashin da ya cukurkuɗe.

"Tashi, Yaya. Asibiti za mu."

"Da rabin kai? Ba ni ƙwaya ɗaya cikin na ƙanena, shi ke nan."

"Nasa shi likita ya auna wa. Naki yana can."

"To ƙarasa mini, gobe in je."

Mama ta tattara kibiya da matsefi da kwalbar mai, ta zuba a jaka, ta rataya.

"Kibiyar nan dai asibiti za ta. Mai son ta ya bi ta."

"Ke kaɗai ce mai kitso a duniya?" Goggo ta miƙe tana neman takalmi.

Sai ga Baba a bakin ƙofa, ya jawo ƙafarsa har nan ba mu ji ba. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki ɗankwalin Goggo da hannunsa mai lafiya, ya miƙa mata.

"Yaya, ni ma gobe na ce."

Goggo ta dubi hannunsa na hagu da ke reto. Wannan karon ba wanda ya roƙe ta ta yi shiru. Ta ɗaura ɗankwalin a kan rabin kitsonta.

A asibiti nas na gwada ta, ta wuce da ita ciki ba layi. Suka ba ta magani, suka kwantar da ita. Likita ta ce ciwon nan ba ya sallama kafin ya yi ɓarna, kuma jin garau ɗin aikin maganin ne, ba warkewa ba.

Da yamma jinin ya sauka, aka ce tana iya zama. Mama ta nemi izinin nas, ta hau bakin gadon, ta zaro kibiya.

"A hankali dai, maƙeriya," in ji Goggo.

"Kowace safiya ƙwaya ɗaya, Yaya. Ranar kitso zan tambaya kafin in taɓa kanki."

Goggo ta yi tsaki, ta karkato mata ɓangaren hagu.