Kwana Arba'in a Rana

Safiyatu ta ƙwanƙwasa gilashin ma'aunin iskar da ke jikin tulun ƙarfe da farce, amma allurar tana nan kwance kusa da sifiri. Malam Faruku, wanda jami'a ta turo ya duba aikinta, ya share zufa ya dubi agogo.

Faranti shida ne jere a tsakar gidansu na Malanville, kowanne da ruwa a ƙarƙashin gilashi, da wata hoda rawaya kwance a gindi. Shekara uku ta kwashe tana haɗa hodar nan. In rana ta buge ta sai ta raba ruwan, iskar haidurojin ta bi tiyo ta taru a tulun ƙarfe, a yi girki ba itace ba gawayi. Sharaɗin jami'a kwana arba'in a rana, in tulun bai cika ba an rufe aikin. Ita kuwa duk kwanakin a asibitin Kandi ta yi su tana jinyar mahaifiyarta, sai jiya da yamma ta dawo. Da za ta tafi, abin da ta ce wa mahaifinta Maigandi kawai shi ne ya kula mata da farantan.

"Hodar ba ta aiki, Safiyatu," in ji Malam Faruku. "Sa hannu nan a takardar rufe aikin, kada mota ta bar ni."

Ta sa. Yana hawa kabu-kabu baƙin ciki ya ci ƙarfinta. Ta buɗe farantan ɗaya bayan ɗaya ta tuttule su a kwata, hodar da ba ta da sauranta ko cokali guda ta bi ruwan wanke-wanke.

Da la'asar Maigandi ya dawo daga jana'iza a Madécali, inda ya tafi tun asuba. Ya tsaya kan farantan.

"Kin wanke su? To madalla. Yau dai sun sha rana, ban samu na ruhe su ba."

"Ka rufe su da me, Baba?"

"Tabarmi mana. Wa ka barin ruwa rana ta dahwa shi? Ko alwala ba a so da irinshi. Da hantsi in shimhiɗa, in rana ta yi sanyi in kwashe."

Ta zauna a bakin kwatar. Tsohon yana murmushi, yana jiran yabo.

"Sannu da ƙoƙari, Baba," ta ce a hankali.

"Haba ɗiyata, mi na yi? Ai ko kwana guda ban tsallake ba."