Bakin Madubi

Malam Basharu ya runtse idon hagu, ya kai na dama bayan rezar da ya kafa don gwajin gilashinsa, ya riƙe numfashi. A waje rana ta take tsaka, ko ƙadangaru sun nemi inuwa, amma tsohon ɗakin karatun mahaifinsa duhu ne, don ya toshe tagar da tsumma, ya saki asabari, ya ƙara da bargo. Fitila ɗaya ce a ɗakin, ita ma ya kifa mata gwangwani, ya huda shi da tsinin allura. Ta wannan 'yar kafa haske ke fita, ya yi tafiyar ƙafa takwas, ya faɗa kan gilashin da ke jingine da bango, sannan ya komo idonsa.

Gilashin ya cika fal da haske kamar watan sha huɗu. Ya tura rezar a hankali da ɗan yatsa. Idan kwarmin gilashi ya yi daidai, da reza ta yanki hasken sai fuskar ta dushe gaba ɗaya, lokaci guda. Tsakiyar ta dushe lafiya lau, har ma ta fi yadda ya bar ta santsi. Bakin ne ya ƙi. Ta gefe ɗaya wani siririn zobe ya rage yana ƙyalli, ta ɗaya gefen ya riga ya yi baƙi ƙirin. Bakin ya kwanta ke nan, ya lanƙwashe waje kamar leɓen tasa, wajen faɗin farce. Ya sake gwadawa sau uku ko reza za ta canza magana, ba ta canza ba.

Shekara biyu ke nan yana wannan aiki, tun daminar 1954. Shi malamin elementare ne a Kalgo, ba ya zuwa gida Gwandu sai an yi hutu, kuma a nan ya ajiye gilashin don ɗakin ya fi sanyi da duhu. Faifai biyu ne masu kauri da ya saya wajen wani falke a Jega, wai daga tagar jirgin ruwa aka ciro su. Ya niƙa ɗaya a kan ɗaya har na saman ya yi kwarmi, sannan ya shafe na ƙasan da kwalta da kakin zuma, ya ɗora shi bisa kifaffen turmi, yana goge na saman a kai da jar hodar maƙeran azurfa. Madubin hangen taurari yake son yi, irin wanda ya gani a littafi lokacin yana karatu a Katsina. A Gwandu kowa ya san autan Malam Siddiƙu yana niƙa gilashi, kuma kowa ya yi masa uzuri, an ce boko ne.

Marigayi Malam Siddiƙu kuwa mutum ne da ya san taurari kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Manoma daga Dodoru sukan tako su tambaye shi ko Kaza da 'ya'yanta ta faɗi, su san lokacin shuka. Wata rana Basharu ya gaya masa cewa Zara matar wata, in an dube ta da madubi, ita ma lauje ce kamar mijinta. Tsohon bai gaskata ba, bai kuma ƙaryata ba. Ya ce, "In ka gani, ka ba ni labari." Bai jira labarin ba. Yanzu ga shi baki ya kwanta, kuma madubi mai kwantaccen baki ba ya nuna lauje, sai dai wani curin haske mai gashi. Wata uku da suka wuce lafiyayye ya bar shi, saura gogewa kaɗan.

Ya fito yana ƙifta ido. Inna Hajara, mahaifiyarsa, tana zaune gindin darbejiya tana tsince wake a faifai. Ya tsuguna zai tambaye ta ko wani ya shiga ɗakin, sai idonsa ya sauka a hannunta. Tun rasuwar Malam ba ta ƙara sa lalle ba, amma ga ja a zanen tafinta, ga shi a ƙarƙashin farce. Ya san wannan jan, na hodar goge gilashi ne, shi ya sayo ta.

"Inna, mi ya taɓa hannunki?"

Ta dubi hannun, ta yi murmushin wanda aka kama da abin kirki. "Ashe ka gani. Ni da nike so ka sha mamaki. Ba kai kac ce da ka samu kwana goma da ka ƙare ba? To ni ina da kwana goma, Auta. Ina da casa'in ma."

"Kullum kika goga?"

"Kullum da hantsi, in rana ta gasa min gaɓɓai. Na sa Rabi ta mirgino min turmin waje. Yadda kaka yi na gani, sai dai kai hannunka na malamai ne, ba ƙarfi. Ni na ba shi niƙa ta gaske."

Niƙa ta gaske! Ya san ta, a kanta ya girma: a tura har ƙarshen dutse, a danna da nauyin kafaɗa, a jawo. Gero na son haka, gilashi ba ya so. Ga shi kuma cikin rana, lokacin da kwalta ke laushi tana cin baki. Ya rasa inda zai sauke baƙin cikinsa, don wa zai yi wa faɗa? Ya ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah shi saka." A ransa kuwa ya gama shawara. Hutun nan gajere ne, gobe da sassafe zai bi motar Birnin Kebbi ya koma, zai naɗe gilashin a bargo ya tafi da shi Kalgo, ya ce mata 'yan makaranta ke son gani.

Yana neman igiya a bayan rumbu Rabi, matar wansa, ta same shi. Ta rage murya. "Malam, kar dai ɗauke shi za ka yi. Tun da injin niƙa ya zo garin ga aka jingine dutsenta, ta koma sai zama, tuwo ma loma biyu. Gilashin nan ne ya tashe ta. Har waƙar niƙa ta dawo da ita." Ya ci gaba da neman igiyar da ke rataye a gabansa.

Bayan azahar Inna ta ce sai ta ga aikinta. Ya kama hannunta ya shigar da ita duhun, ya zaunar da ita a 'yar kujera, ya daidaita kanta bayan rezar. Ta daɗe tana laluben hasken. Can ta same shi.

"La ilaha illallahu. Auta, wata ne. Wata cikin ɗakin babanka, da rana tsaka."

Ya je ya miƙa hannunsa gaban gilashin. Ta ce, "Tsaya! Mi ke tashi daga hannunka kamar hayaƙi?"

"Zafin jiki ne, Inna. Kullum shina tashi, ido ne ba ya gani."

"Ikon Allah. Ashe duk muna ci da wuta ba mu sani ba." Ta sa shi ya buɗe yatsu, ya rufe, ya hura iska, tana kallon hayaƙin yana murɗewa a fuskar watan. Ta ce ta ga kamar fadama da sassafe, ta ga kamar garke ya wuce a nesa. Shi ma tsaye a duhun sai ya ji ɗakin ya yi faɗi, kamar babu rufi, kamar in ya ɗaga kai zai ga Zara tana rataye. Ya manta da igiya, ya manta da mota. Sun jima a haka, ba wanda ya san ko minti nawa ne.

Sai yatsanta ya taɓa rezar, ta gusa kaɗan.

"Af, ya dushe. To wanga zobe da ya rage a baki hwa?"

"Haka yake, Inna. Ado ne."

"Auta." Ba ta ɗago kai ba. "Tun kana goye na san numfashinka in za ka yi ƙarya. Na ci bakin, ko?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta janye daga rezar, ta ɗora hannuwanta a cinya. A ɗan hasken da ke tsiyaya daga gwangwanin ya ga ta ƙanƙance, kuma tausayinta ya kama shi fiye da na gilashin.

"Garin neman gira na tsone ido," ta ce. "Rashin sani ya fi dare duhu. Shekara biyu, ɗan nan. Ya mutu ke nan?"

"Bai mutu ba. Ana gyarawa, sai dai da wuya. Baki ba ya tasowa, sai a bi sauran fuskar duka a rage ta har ta sauko ta same shi. Sa'a arba'in, ko hamsin."

"Kamar dutsen da ya cinye gefe. Ba gefen aka bi ba, tsakiya aka sassaƙa." Ta gyaɗa kai. "To ɗauki abinka ka kai Kalgo. Na ji kana neman igiya."

Da ta yi gardama da ya sami ƙarfin ɗauka. Amma ta ba shi ne hannu biyu, kuma ya san abin da ta haɗa masa da shi: cin tuwonta da waƙarta. Ya tuna ɗakinsa na Kalgo mai rufin kwano, inda kwalta za ta narke kafin hantsi, ya riƙe wannan hujja da kyau don kada ya dubi ta gaskiyar. Idan ya bar mata, wata uku ba mai gwadawa, ba mai ce mata tsaya. Hannun da ya shekara hamsin yana niƙa iri ɗaya, yini guda zai sauya shi? In ta ƙara cin bakin, sai dai a koma farko, gilashin kuwa ba shi da kaurin da zai jure.

"Kalgo zafi gare ta," ya ce. "Taso in gwada miki."

Ya kifa turmin a tsakar ɗaki, ya ɗora faifan kwalta, ya ɗiga jar hoda da ruwa, ya kifa madubin a kai. Ya ɗora hannuwansa bisa nata. Turawa kaɗan, kada bakin madubin ya wuce bakin kwaltar fiye da gaɓar yatsa. Ba dannawa, nauyin gilashin ya isa. In an yi huɗu a juya madubin, a yi taku ɗaya a kewaya turmin. Kuma sai da sanyin safiya, cikin ɗaki, da rana ta ɗaga a bari.

"Wannan ai ba niƙa ba ce," ta ce, "lallashi ne."

"To ki lallashe shi."

"Sau nawa a rana? Ni ban san sa'arku ba."

Suka auna da abin da ta sani. Salati ɗari biyar, kowane salati turawa huɗu, sannan ta wanke shi ta rufe da ƙwarya. Har la'asar suna kewaya turmi, uwa da ɗa, hannunta na ƙwacewa yana maido shi. Rabi ta leƙo ta gan su, ta koma tana dariya ƙasa-ƙasa.

Washegari da ya dawo daga masallaci ya ɗauki jakarsa ya je yi mata sallama, ya tarar ba ta ɗakinta. Daga tsohon ɗakin karatun yake jin wani ɗan sauti, siririn kukan gilashi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, da muryarta tana salati a hankali. Ya tsaya bakin asabari ya kasa kunne. Gajere, gajere, gajere, gajere. Ta juya. Gajere, gajere. Sai ga doguwa guda, shuuu, har ƙarshe, da nauyin kafaɗa. Hannunsa ya kai kan asabarin.

Ciki aka yi tsit.

"Astagfirullah," Inna ta ce. Ya ji ta ɗan mari bayan hannunta. "Kai, ba gero ba ne."

Sautin ya dawo, gajere, gajere. Daga tasha direba ya danna ƙaho karo na biyu. Malam Basharu ya saki asabarin a hankali don kada ya motsa, ya rataya jakarsa, ya fita bai yi sallamar ba.