Ƙarfen Tokare Ƙofa

Ranar da Yaya da Auta suka zo taya Mama kwashe kaya zuwa sabon gida, Yaya ne ya tsinci ƙarfen a bayan ƙofar kicin. Baƙi ne, mai girman dunƙulen hannu, ya fi shekara talatin yana tokare ƙofar. Suna yara, marigayi Baba ya sha gaya musu cewa daga sama ya faɗo.

"Auta, ke ce mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje," in ji Yaya. "Gwada mana mu san gaskiya."

Ranta bai so ba. Tun rasuwar Baba take kaffa-kaffa da maganganunsa. Amma Yaya ya riga ya zaro sikelin Mama daga cikin kwali.

Ta ɗora ƙarfen, sikeli ya nuna giram dubu ɗaya da ɗari huɗu da arba'in. Ta zuba ruwa a kofin awo har layin ɗari shida, ta ɗaure ƙarfen da igiya, ta zura shi a hankali. Ruwan ya hau zuwa ɗari takwas.

"Girmansa mililita ɗari biyu ke nan," ta ce. "Sai a raba nauyin da girman."

Ta yi lissafin a jikin kwali: bakwai da ɗigo biyu. Ta daɗe tana kallon lambar. Ƙarfen da ke faɗowa daga sama yakan kusanci takwas. Wannan kuwa ya fi kama da ƙarfen zubi, irin wanda ake narkawa a masana'antar da Baba ya yi aiki.

"To, me kika gano?" in ji Yaya.

Mama, wadda ke naɗe kofuna a takarda, ta tuntsire da dariya har da share ƙwalla.

"Kada ki wahalar da kanki, ’yar nan. Zubinsa na farko ne. Kan famfo ya nufa yi, ga abin da ya fito. Ubangidansa ya ce ya je ya yar, shi kuwa ya kawo mini a aljihu, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige."

"Haba Mama!" in ji Yaya. "Ba ki taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Auta ta ciro ƙarfen ta goge shi da gefen mayafinta. Ita dai ta buɗe ido ta ga Baba gwani, wanda ake aikowa nema in aiki ya gagara. Ba ta taɓa tunaninsa yana saurayi, ana yi masa faɗa ba.

"Me kika ce masa ranar?" ta tambaya.

Mama ta ɗan yi tunani. "Cewa na yi ya wanke hannu ya ci abinci. Washegari ya riga kowa zuwa aiki." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Zuba wa shukata ruwan nan, mai mota na jira."