Tumaki Masu Ciki

"Ɗago ni, Larai, in ji labarin kasuwa."

Larai ta tallafo maƙwabciyarta Inna Hajjo, ta jingina ta da bango. Shekara arba'in tsohuwar ta yi tana awon hatsi a kasuwar Bafarawa, yau kwana tara ko kunu ba ya zama a cikinta. Damina ta biyu ke nan gero yana ƙonewa tun bai fid da kai ba.

"Inna, hatsi ya yi tsada. Maigidana ya ce gobe za shi buɗe rumbu ya sayar, ya sayi dabbobi tunda sun yi araha."

"Ba tsada na tambaye ki ba. Waɗanne irin tumaki Fulani suka kawo?"

"Har da masu ciki."

Hajjo ta damƙe hannunta.

"Bafulatani ba shi rabuwa da tunkiya mai ciki, sai ya duba daji bai ga ciyawar da ɗanta za shi ci ba. Sau biyu na ga haka, duk biyun sai da muka ci dusa. Kada ku taɓa rumbun nan."

Larai ta dubi wajen gidanta. 'Ya'yanta uku, kuma ba su da wani abinci sai wannan rumbun.

Mijinta Wada ya leƙo ta saman zana. "Inna, ke da ba ki fita ɗaki, kin fi rediyo sani? An ce tallafi na tafe."

"Rediyon naka tunkiya nawa gare shi, ɗan nan?"

Wada ya yi dariya, amma bai fasa ba. Ya riga ya faɗa wa Kalilu ɗan kasuwa ya zo da jakai.

Washegari da hantsi Hajjo ta cika. Larai tana ɗebo ruwan wankan gawa ta ji kukan jakai a ƙofar gidansu.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, ta leƙa ta ramin zana. Kalilu yana zaune kan buhunan da ya zo da su. Kusa da shi wani Bafulatani yana riƙe da tunkiya, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, yana roƙon a ba shi gero a madadinta. Wada ya daɗe yana kallon cikin nan. Sannan ya jingina tsani a jikin rumbu.

"Larai," ya kira, "kwaɓo mini laka."

Yana shafe bakin rumbun, jakan Kalilu suka juya, buhunan a naɗe a bayansu.